Shekara huɗu ina shan maganin sanƙo, yanzu kan ya soma haske kuma

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 33, malamin makaranta ne ni, ina da mata da ɗa ɗaya. Sanƙo ya fara min tun ina ɗan shekara 27, daga gefen goshi biyu, sannan tsakiyar kai. A gidanmu gado ne: mahaifinmu yana da shi, kawunnaina ma haka, yayana da ya girme ni da shekara uku kuwa tun kafin ya yi aure kansa ya share. Shekara huɗu da suka wuce wani likitan fata ya ɗora ni a kan ƙwayar finasterayid, miligiram 1 kullum, da minoksidil na shafawa. Shekara biyun farko na ga abin mamaki, har wanzamina sai da ya tambaye ni me nake sawa. Amma tun bara na lura tsakiyar kan ya soma haske kuma. Wani abokina ya ce jikina ne ya saba da maganin, in ajiye shi wata uku in dawo, zai sake kamawa. Wani kuma ya ce in ninka ƙwayar. Ga tsada, ga uwargida tana so mu ƙara haihuwa, har ta fara tambaya ko ƙwayar ba za ta hana ba. Shin maganin daina aiki yake yi? In ci gaba ne, ko in haƙura in aske kan ƙwal?

Ɗan'uwanku daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam.

Zan fara da shawarar abokinka na farko, domin a duk abin da aka faɗa maka ita ce za ta fi yi maka ɓarna. Kada ka ajiye maganin wata uku da sunan hutar da jiki. Finasterayid ba irin maganin barci ba ne, ko masu ƙarfin nan na kashe zafi, da jiki ke sabawa da su har sai an ƙara. Aikinsa guda ne: yana tare hanyar da sinadarin maza, testosteron, ke bi ya rikiɗe ya zama wani mai ƙarfi da ake kira DHT, kuma DHT ɗin nan shi ne ke tsuke saiwar gashi a kan wanda ya gaji sanƙo. Ƙwayar miligiram 1 tana rage shi a jini da wajen kashi 70 cikin 100, kuma a jinin waɗanda suka daɗe suna sha ragewar tana nan, ba ta gushewa don shekaru sun ja. Ran da ka daina, cikin mako biyu DHT ya koma inda yake. Minoksidil ma ya fi shi gajen haƙuri, don gashin da ya tsiro ta dalilinsa yakan kakkaɓe cikin wata uku zuwa huɗu bayan an bari, wato daidai wa'adin da abokin naka ya ɗibar maka. Za ka dawo ka tarar abin da ka tara ya zube, kuma babu mai yi maka alƙawarin zai dawo duka.

To in maganin yana aiki, me ya sa kan ke haske?

Saboda abin da ke kawo sanƙon bai je ko'ina ba. Tun 1942 wani masanin jikin ɗan'adam a Amurka, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, ko da kuwa duk danginsu masu sanƙo ne. Da aka yi wa wasunsu allurar testosteron, sai waɗanda ke da gadon suka fara zubar da gashi. A 1974 kuma wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoton wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika da ake haifar mazansu ba tare da abin da ke juya testosteron zuwa DHT ba. Su ma ba sa sanƙo. Daga wannan binciken kamfanin Merck ya samo hanyar haɗa finasterayid, wanda aka fara yarda da shi a 1992 don kumburin furostet, ƙululun nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, sannan a 1997 aka yarda da ƙaramin awonsa don sanƙo, da sunan Propecia. Abin lura a nan shi ne, sanƙo abu biyu ne suka haɗu: gado da sinadari. Ƙwayar tana taɓa sinadarin ne kawai, shi ɗin ma ba duka ba. Gadon da ka kwaso ta wajen mahaifinka da ta wajen kawunnanka yana nan daram, ragowar DHT ɗin tana ci gaba da aiki a hankali, ga shekaru suna tafiya, su ma da nasu rabon wajen sirantar da gashi.

Kamar mai gona ne a bakin kwazazzabo da ya jera buhunan yashi. Buhunan ba su hana damina zuwa ba. In bayan shekara huɗu ya ga ruwa ya ci taku ɗaya na gonar, kuskure ne ya ce buhunan sun daina aiki ya kwashe su. Ya leƙa gonar maƙwabcinsa da bai sa komai ba tukuna.

Abin da ke faruwa da kai ma an rubuta shi tun da daɗewa. Babban gwajin da aka yi kafin a saki Propecia ya fara ne da maza 1,553 masu shekara 18 zuwa 41. An ba wasu maganin, wasu kuma ƙwayar wofi wadda babu komai a cikinta, aka riƙa ɗaukar hoton kansu, ana kuma ƙirga gashin da ke cikin wani ɗan da'ira a tsakiyar kai. Ƙidayar gashin ta kai ƙololuwa a wajen shekara ta farko. A hoto kuwa shekara ta biyu ce ta fi kyau, inda kashi 66 cikin 100 na masu shan maganin suka nuna ƙaruwa. Daga nan abin ya soma gangarowa sannu a hankali. A shekara ta biyar, kashi 48 ne har yanzu suka fi yadda suka fara, kashi 42 suna nan yadda suka fara, kashi 10 kuma sun ragu. Masu ƙwayar wofi fa? Kashi 75 nasu sun ragu a hoto, kuma tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ƙaruwa ta riƙa yi kowace shekara, har ta kai gashi 277 a cikin da'irar da faɗinta bai wuce inci ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda aka bari shekara guda a kan ƙwayar wofi kafin a mayar da su kan maganin gaske: sun samu ci gaba, amma ba su taɓa kamo waɗanda suka fara tun farko ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da hutu ke ci.

Ka duba labarinka: shekara biyu na murna, sannan ɗan koma-baya. Shi ne zanen da gwajin ya fitar. Matsalar ita ce kana gwada kanka na yau da kanka na shekara ta biyu, lokacin da wanzami ke tambaya. Wanda ya kamata ka gwada kanka da shi yana gidanku. Ka tuno yadda kan yayanka yake sa'ad da yake da shekara 33. Ba lallai ne ɗan'uwa ya bi sahun ɗan'uwansa sak ba, amma shi ne mafi kusa da abin da za ka iya kira kai ɗin da bai sha magani ba.

Bayan shekara biyar fa? Akwai rahotanni biyu da aka fi ambata. A 2011 likitoci a Italiya sun bi maza 118 har shekara goma, suka ga kashi 14 cikin 100 ne kawai suka ci gaba da raguwa, sauran ko dai sun tsaya ko sun ƙaru, kuma wanda maganin ya karɓa a shekarar farko shi ya fi dacewa a gaba. A 2019 wani rahoto daga Japan kan maza sama da 500 ya ba da alƙaluman da suka fi waɗannan daɗi. Ni dai ina karanta irin waɗannan da ɗan taka-tsantsan. Babu masu ƙwayar wofi a cikinsu da za a gwada, kuma mutumin da ya jure shekara goma yana komawa asibiti galibi wanda maganin ya yi wa rana ne. Wanda bai ga komai ba ya daɗe da tafiya, ba a ƙirga da shi. Ko gwajin shekara biyar ɗin, kamfanin da ke sayar da maganin ne ya ɗauki nauyinsa, waɗanda suka kai ƙarshe kaɗan ne daga cikin waɗanda suka fara, kuma yawancinsu Turawa ne. Duk da haka, ta kowace fuska aka duba maganar ɗaya ce: ga mafi yawan maza ƙwayar tana riƙe gashi shekaru masu yawa, muddin ana sha. Kai kuma kana cikin waɗanda ta karɓa da wuri.

Minoksidil labarinsa daban ne, kuma na fi zarginsa a kan abin da kake gani. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka ga masu shansa gashi na tsiro musu, a 1988 aka fitar da na shafawa. Ba ruwansa da DHT. Tsawaita lokacin tsirowar gashi kawai yake yi, ya ɗan ƙara masa kauri. Binciken da ya bi masu shafa shi wajen shekara biyar ya nuna shi ma a shekarar farko yake kai ƙarshen ƙarfinsa, sannan ya riƙa ja da baya, ko da yake bai koma ƙasa da mafari ba. Amma babbar matsalarsa ba a kwalba take ba. Wa ke iya shafa abu safe da dare shekara huɗu ba fashi? Ka tambayi kanka tsakani da Allah, a watan jiya sau nawa ka shafa. Da yawa sukan fara da sau biyu a rana, su koma sau ɗaya, su koma sai ranar da suka tuna, sannan su ce magani ya daina aiki.

Ga kuma wani abu da takardar cikin kwalin ba za ta gaya maka ba, don ba da mu aka rubuta ta ba. Minoksidil yana bukatar wajen awa huɗu a busasshiyar fatar kai kafin ruwa ya taɓa shi, mu kuwa muna shafar kai a alwala sau da yawa a yini. Wanda ya shafa da yamma ya tashi ya yi alwalar magariba ya goge rabinsa. Lokaci biyu ne suka fi dacewa: bayan sallar asuba, in ka gama wanka, da bayan isha'i. Ka sa shi a fata, ba a kan gashi ba, ka bari ya bushe kafin ka ɗora hula ko ka kwanta, ka wanke hannu. Hular kanta ba ta kawo sanƙo, kada wani ya ruɗe ka. Jiƙaƙƙen maganin ne kawai take tsotsewa. Ita ƙwayar babu ruwanta da lokaci ko abinci, da azumi sai ka mayar da ita sahur ko bayan shan ruwa.

Sauran abin da za ka duba kafin ka yanke wa maganin hukunci ba su da yawa. A ina kake saye? In ka sauya daga kantin magani mai rajista zuwa wani mai tallar intanet don sauƙin kuɗi, to ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don jabu ba ya gaya maka shi jabu ne. Ka yi zazzaɓi mai tsanani, ko tiyata, ko wata babbar damuwa kafin ka fara ganin canjin? Irin wannan yakan sa gashi zubewa wata biyu zuwa uku bayan abin ya wuce, kuma yakan dawo da kansa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna rage gashi, haka allurai da ƙwayoyin gina jiki da wasu matasa ke sha a gidajen motsa jiki. In akwai amosanin kai da ƙaiƙayi, a magance su. Sannan ka daina dogara da madubi. Ido ba mudu ba ne, balle idon mai damuwa. Gashin da aka yi wa ƙaramin aski a ƙarƙashin farar fitila zai nuna fata ko a kan wanda ba shi da sanƙo. Ka sa uwargida ta ɗauki hoton tsakiyar kan da goshin duk wata shida, a wuri ɗaya, da haske ɗaya, kwana ɗaya bayan aski iri ɗaya. In kana da tsoffin hotuna na kafin ka fara maganin, ka nemo su yau.

Batun ninkawa gajere ne. An gwada miligiram 5 da miligiram 1 a kan sanƙo, sakamakon kusan ɗaya ne. Kuɗinka kawai za ka ninka.

In hotuna suka tabbatar raguwar da gaske ce, akwai matakai na gaba, amma duka ta hannun likitan fata suke bi. Akwai dutasterayid, ɗan'uwan finasterayid da ya fi shi ƙarfi, yana rage DHT da wajen kashi 90 cikin 100. Koriya ta Kudu ta yarda da shi don sanƙo a 2009, Japan a 2015. Sai dai yana daɗewa a jiki makonni da yawa bayan an daina, don haka ba yanzu ba, ba lokacin da kuke neman haihuwa ba. Akwai minoksidil na sha a ƙaramin awo, da likitoci da dama ke rubutawa yanzu ga wanda shafawa ta gundura. Kada ka manta maganin hawan jini ne: yana iya kawo bugun zuciya, kumburin ƙafa, da gashi a inda ba a nema ba, ba abin da mutum zai saya da kansa a kemis ba ne. Sai dashen gashi da ake ta tallar zuwa Turkiyya dominsa. Dashe ɗebo saiwa yake daga ƙeya, inda DHT bai cika tasiri ba, ya kai gaba. Bai ƙara maka ko gashi ɗaya ba, rabawa ya yi, kuma asalin gashin da ke kewaye da dashen zai ci gaba da zubewa in ba a shan magani. Wanda tabonsa ke yin tsiro ya kumbura, abin da ya fi yawa a baƙar fata, sai ya yi tunani sosai kafin a taɓa masa ƙeya. Man darbejiya, habbatussauda, ruwan albasa da sauran haɗe-haɗen da ake sayarwa suna iya gyara fata ko laushin gashi, amma babu wanda aka tabbatar yana tsayar da sanƙon gado.

Yanzu tambayar uwargida, wadda a ganina ta fi ta gashin nauyi, kuma tana da gaskiyar yin ta. Ga mafi yawan maza miligiram 1 ba ya hana haihuwa. Amma a wasu yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi, musamman wanda dama nasa ba su da yawa, kuma galibi suna farfaɗowa cikin 'yan watanni bayan an daina. Ba ka faɗi shekarun ɗanku na farko ba, amma in kafin maganin aka same shi ko a farkonsa, to samunsa bai amsa tambayar ba. Gwajin maniyyi ba shi da wuya, ana yin sa a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji. Ka yi shi, ka huta da zato. In ya fito lafiya, ka ci gaba da ƙwayarka. In ya nuna ƙaranci, ko kuka daɗe kuna nema shiru, wannan dalili ne na gaske na dakatarwa, da sanin likita, kana riƙe da minoksidil a tsakani, kana kuma sane cewa wani gashin zai tafi. Abin da ke shiga maniyyi na maganin ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Haɗarin da aka fi tsoro yana wani wuri: mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwaya ko garinta, domin yana iya shafar halittar al'aurar ɗan tayi in namiji ne. Na faɗi haka ne don na san wasu, saboda tsada, suna sayen ta miligiram 5 su riƙa tsaga ta huɗu da reza. In kana cikinsu, ka bar wannan tun kafin ciki ya shiga, ko ka yi nesa da ita da wurin da kake yankawa.

Ba ka ambaci wata illa ba, ina fatan babu ce, ba kunya ce ta hana ka ba. A gwajin farko kashi 3.8 cikin 100 na masu shan maganin sun koka da raguwar sha'awa, ko raunin mazakuta, ko matsalar fitar maniyyi, masu ƙwayar wofi kuma kashi 2.1. Yawanci yakan wuce, amma a 2012 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa an ƙara gargaɗin cewa a wasu mazan matsalar ta ci gaba ko bayan sun daina. Hukumomin Birtaniya da na Tarayyar Turai kuma a 'yan shekarun nan sun ja hankali kan ciwon damuwa da tunanin kashe kai. In ka ji zuciyarka ta yi duhu ba dalili, ko irin wannan tunanin ya zo maka, ka daina ƙwayar nan take ka ga likita, kada ka jira wata mai zuwa. Haka in ka ji ƙullutu ko ciwo a nono, ka kai a duba. Ka kuma riƙe wannan don gaba: finasterayid yana rage sakamakon gwajin jinin furostet da ake kira PSA da kusan rabi, don haka duk likitan da zai yi maka gwajin nan ka gaya masa kana sha. Masu karɓar gudummawar jini ma ka sanar da su, don akan jira wata guda bayan ƙwayar ƙarshe.

Aske kai ba faɗuwa ba ne. Muna cikin mutanen da rabin rayuwar namiji a ƙarƙashin hula take, har ana tsokanar mai sanƙo da cewa alamar kuɗi ce. In kuɗin maganin ya fara shiga na cefane ko na makarantar yaro, ka bar shi, babu wata cuta da barinsa ke kawowa, illa cikin shekara guda kanka zai koma inda da ma zai kasance. Amma ka bar shi don ka zaɓi haka, ba don an ce maka ya mutu ba. In kuwa ra'ayina kake nema, mutum mai shekara 33 da maganin ya karɓa, babu illa, kuma gashin yana damunsa har ya zauna ya rubuto wasiƙa, zan ce ya ci gaba. In magani ɗaya kawai aljihunka zai ɗauka, ka riƙe ƙwayar, ita ce ke taɓa tushen matsalar, kuma ba sai Propecia ba, duk finasterayid na kamfani mai rajista aikinsa ɗaya.

Ka koma wajen likitan da ya ɗora ka a kai, shekara huɗu ta isa a sake dubawa. Ka tafi da hotunan da kwalayen da kake amfani da su yanzu, in da hali ku tafi tare da uwargida, ta yi tambayoyinta da bakinta. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka.